Amsa ga ɗalibar likitanci daga Yawuri: ina amfanin histoloji a ɗakin gaggawa?

Wata ɗaliba 'yar Yawuri da ke aji biyu a karatun likitanci ta aiko mini da tambaya kan histoloji, wato nazarin naman jiki a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ta ce: "Likita, ni burina in yi aiki a ɗakin taimakon gaggawa, inda ake ceton rai nan take. Ga shi an ɗora mu kan histoloji, kullum leƙen madubi, komai ruwan hoda da shunayya, na kasa bambance wannan jijiya da waccan. Don Allah zai amfane ni a gaban marar lafiya, ko dai in haddace in ci jarrabawa in wuce?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da muke aji biyu, madubi ɗaya mu shida, in an ɗauke wuta sai mu ja teburi bakin taga. Da jarrabawa ta matso, irin wadda ake kaɗa ƙararrawa ki bar wannan madubi ki koma na gaba, sai muka haddace gilasan da ake shimfiɗa naman a kai da kansu: mai tsagewa a kusurwa hanta ne, wanda launinsa ya koɗe ƙoda ce. Mun ci jarrabawar kuwa. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da na karanta a histoloji wanda har yau ban sake haɗuwa da shi ba, kamar sassan haƙori. Amma babin bangon jijiyar jini, wannan kam shi nake karantawa da yatsuna kowane dare da nake aiki, kuma sai da na kusa rasa wani yaro kafin na gane.

Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa: ta jini, ta laka, har igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Don haka bari mu daidaita suna. Wadda ke ɗauko jini daga zuciya, littafinku ke kira atari, zan ce mata jijiyar kaiwa. Wadda ke mayar da shi zuciya, jijiyar dawowa. 'Yan mitsi-mitsin da ke tsakaninsu kuma kafilari.

Idan aka ɗora miki gilashin da ke da jijiyoyin nan biyu gefe da gefe, ki fara da ƙaramin ido na madubin, kada ki yi saurin zuwa babba. Za ki ga ɗaya zagayayya ce tamkar zobe, bangonta da kauri, raminta ƙarami, kuma daga ciki akwai wani layi mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar robar wando da ta tattare. Ɗayar kuma ta lotse, raminta da faɗi, bangonta siriri, kamar buhun da aka zazzage. Ta farko ce ta kaiwa. Kaurin nan da kika gani shimfiɗa ce ta tsakiya, midiya, kuma galibinta tsoka ce da ke zagaye da ramin. Daga cikinta akwai intima, shafi ɗaya na ƙwayoyin halitta da jini ke gogawa. Daga waje akwai rigar da ke ɗaure jijiyar da maƙwabtanta. Shimfiɗa uku ke nan, amma ta tsakiyar nake so ki riƙe.

Shekarata ta farko da fara aiki ni kaɗai a wani asibiti a jihar nan, ranar kasuwar Jega, aka kawo wani ɗan kabu-kabu, bai wuce shekara 22 ba. Ya faɗi, kan babur ya doke shi a haƙarƙarin hagu. Ba jini ko ɗigo a jikinsa sai ƙujewa a gwiwar hannu. Yana magana, har yana tambayar ina aka kai masa mashin. Na ɗaura masa abin awon hawan jini, na ga 110 bisa 90. Na ce alhamdu lillahi, a ba shi maganin ciwo ya huta, na juya wurin wata mai haki. Wata tsohuwar sista da ta yi shekaru a ɗakin ba ta ce mini komai ba, ta je ta kama ƙafar yaron, ta taɓa goshinsa, ta riƙe wuyan hannunsa tana kallon agogon ƙirjinta. Sai ta zo ta raɗa mini: "Likita, yaron nan ƙafarsa sanyi ƙalau, bugunsa 124, kuma sau uku yana roƙon ruwa. Jini yake zubarwa a ciki." Da aka buɗe cikinsa, saifa ce ta fashe, jini ya cika ciki. Ya rayu, amma da ta biye mini, da safe labarin daban ne.

To me ya yaudare ni? Midiya. Can ƙarshen reshe, jijiyar kaiwa tana sirancewa har ta zama atariyol, wadda tsokarta ba ta wuce zagaye ɗaya ko biyu ba. Ke da kika tashi kusa da masu noman rani kin san yadda ake yi in ruwan inji ya ragu: mai gona ya ɗauki fartanya ya datse fangalin gefe, ya bar ruwa ya tafi inda amfanin ya fi tsada. Aikin atariyol ke nan. Da jini ya fara raguwa, sai jiki ya matse na fata, na hanji, na ƙoda, ya bar na ƙwaƙwalwa da zuciya a buɗe. Shi ya sa ƙafa ta yi sanyi, tafin hannu ya yi fari, fitsari ya ɗauke, alhali mutum yana hira da ke. Matsewar nan ce kuma ke ɗaga lambar ƙasa ta awo. Wato 90 ɗin da na gani ta kwantar mini da hankali, ita ce take kururuwa. Tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa a mai lafiya wajen 40 ce, ta yaron nan ta koma 20.

Ki riƙe lissafin da ledar fiya-wata, tunda kowace rabin lita ce. Baligi mai kilo 70 yana da jini kusan lita 5, leda goma. In ya zubar da leda ɗaya da rabi, da wuya ki ga komai. Daga nan zuwa leda uku, bugu ya ƙaru, jiki ya yi sanyi, tazarar awo ta matse, amma lambar sama tana nan daram. Sai an wuce leda uku, wato kashi 30 cikin 100, sannan take faɗuwa, kuma a matashi mai ƙarfin jijiya faɗuwar farat ɗaya ce. Yara sun fi haka riƙewa. Mai ciki ma tana ɓoyewa, domin jininta ya ƙaru da kusan rabi. Wanda ya jira awo ya sauka kafin ya ce akwai matsala, ya makara. Akwai lissafi mai sauƙi da nake koya wa kowa: ki raba bugun jini da lambar sama. Na mai lafiya yana tsakanin 0.5 da 0.7. In ya kusa 1, ruwa ba ya tsami banza. Na yaron nan ya wuce 1 tun yana tambayar mashin ɗinsa. Sai ki nemi inda jinin ke taruwa: ƙirji, ciki, ƙugu, cinya. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya shanye fiye da lita ɗaya ba tare da ɗigo ya fito waje ba.

Tsoho mai hawan jini kuma nasa tarkon daban. Shekaru na matsi sun kaurara masa bangon atariyol, ramin ya ƙuntata, gaɓoɓinsa sun saba da awon 170 ko 180. In kika ga 120 a irinsa bayan hatsari ko gudawa, kada ki ce lafiya lau. A wurinsa wannan faɗuwa ce.

Jijiyar dawowa da kika gani a lotse, ita ce rumbun. Kusan kashi biyu cikin uku na jinin jiki a cikinta yake zaune. Da yake bangonta siriri ne, in jini ya ragu sai ta kwanta, kuma a nan ne sabon likita ke zufa yana neman inda zai sa kanula, siririn bututun da ake ƙarin ruwa ko jini ta cikinsa, bai samu ba. Don haka ake sawa da wuri, tun jijiya na tsaye, guda biyu, a lanƙwasar gwiwar hannu. Kuma manya. Wani Bafaranshe, Fuwazoi, ya nuna tun ƙarni na 19 cewa gudun ruwa a bututu ya fi dogara da faɗinsa: a lissafi, in aka ninka faɗin sau biyu, ruwan da ke wucewa ya ninku sau 16. Ki juya takardar kanula ki karanta, an rubuta adadin da kowace ke wucarwa a minti. Mai ruwan toka, lamba 16, ta ninka shuɗiya, lamba 22, kusan sau biyar. Abin da ke ba ni takaici shi ne in iske mai zubar jini da 'yar shuɗiya a bayan hannu, ruwa na ɗiga kamar hawaye. Dokar nan ɗaya ce ke ba atariyol ƙarfinta: ɗan matsi kaɗan, sai ruwa ya ragu da yawa. Sai dai ki tuna, ruwan gishiri ba ya ɗaukar iska, kuma in ya yi yawa yana tsinka jini ya hana shi daskarewa. Mai zubar jini, jini yake buƙata da a tsayar da zubar. Ki fara maganar ƙarin jini da dangi tun a minti na farko, domin kafin a lallashi ɗan'uwa ya yarda ya miƙa hannu, awa ta tafi.

Ga wani abin da ke ba ɗalibai mamaki. Jijiyar kaiwa da aka datse gaba ɗaya tana iya tsayar da jininta da kanta na wani lokaci, domin tsokar midiya ta tsuke, robar ciki ta ja kan jijiyar ya koma cikin nama. Wadda aka yanka rabi kuwa, jan nan shi ke ƙara wage bakin ciwon, sai ta yi ta feshi. Shi ya sa ƙaramin sara wani lokaci ya fi babba haɗari. Fatar kai ma haka: jijiyoyinta a ɗaure suke cikin wani nama mai tauri da ke hana su tsukewa, don haka ɗan rotsi ke jiƙa riga. Maganinsa dannawa da ƙarfi da ɗinki, ba ruɗewa ba.

Inda wannan darasi ya fi tsada shi ne ɗakin haihuwa, kuma ko kina so ko ba kya so, a garuruwanmu likitan gaggawa likitan haihuwa ne. Lokacin goyon ciki, ƙwayoyin mabiyiya suna shiga jijiyoyin kaiwa na bangon mahaifa, masu murɗe-murɗen nan, su cinye musu tsokar midiya, su mayar da su buɗaɗɗun bututu don jini ya kwarara wa jariri ba tsaiko. A ƙarshen ciki fiye da rabin lita ke ratsa wurin kowane minti. Da mabiyiya ta fita, an bar jijiyoyi a buɗe waɗanda ba su da tsokar da za su rufe kansu. Abin da ke rufe su shi ne tsokar mahaifar kanta, wadda zarenta ya sarƙe ta ko'ina, in ta ƙulle sai ta shaƙe su. Mahaifar da ta saki, leda ɗaya ce a minti. Ki lissafa da leda goma ko sha biyu. Wanda ya fahimci haka ba sai an ce masa ya ɗora hannu a mara ya murza ba, ba sai an tuna masa allurar oksitosin mai ƙulle mahaifa ba. Mafi yawan zubar jini bayan haihuwa daga sakin mahaifa ne. Wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa in aka shimfiɗa leda mai ma'auni ana auna jinin maimakon kintace, sannan aka haɗa murza mahaifa, oksitosin, taranezamik (maganin da ke hana daskararren jini narkewa) da ƙarin ruwa a lokaci guda, munanan sakamakon zubar jini na raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Taranezamik ɗin nan kuma, a haihuwa ko a hatsari, cikin awa uku na farko yake da amfani.

Kafilari su ne suka fi wuyar gani a gilashi, kuma sun daɗe suna ɓuya. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya rubuta cewa jini daga dama na zuciya ta huhu yake bi ya koma hagu. Wiliyam Habi na Ingila ya tabbatar a 1628 cewa jini zagaye yake yi, amma har ya mutu bai ga mahaɗar jijiyar kaiwa da ta dawowa ba. Sai a 1661 Malfigi na Italiya ya hango su da madubi a huhun kwaɗo. Wato madubin da kike ƙorafi a kansa shi ya cike zancen. Bangonsu shafi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta a kan 'yar shimfiɗa, kuma faɗin raminsu daidai da jar ƙwayar jini ne, maikron 7 zuwa 8 (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wasu ma sun fi ta ƙunci, sai ta lanƙwasa take wucewa. Yanzu ki tuna yaron sikila da ake kawowa cikin hunturu yana ihun ƙashi: ƙwayarsa ta sandare ta ƙi lanƙwasa. Ki tuna yaron damina da zazzaɓi ya sumar: jajayen ƙwayoyin jinin da falsifarum, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ya shiga suna manne wa bangon kafilarin ƙwaƙwalwa su cunkushe hanya. Kafilarin saifa da hanta kuwa faffaɗa ne masu giɓi, naman kamar soso jiƙe da jini. Saifar da zazzaɓi ya sha kumburawa ta leƙo ƙasan haƙarƙari, bugu kaɗan ya ishe ta. Da na tuna wannan a ranar kasuwar Jega, da jin "haƙarƙarin hagu" kawai ya isa in tashi tsaye.

Lokacin girbi za ki ga sarar kububuwa. Dafinta aiki biyu yake yi: yana cinye sinadaran daskarar da jini, yana kuma narkar da shimfiɗar da kafilari ke zaune a kai. Sai ki ga dasashi na jini, tsohon ƙurji ya ɓalle, fitsari ya yi ja. Gwajinsa ba ya buƙatar wuta ko inji: ki ɗebi jini kamar mililita 2, ki zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ki ajiye minti 20 ba taɓawa, ki karkata. In ya zubo, dafi ya shiga, a nemi maganin dafi. Gilashi fa, ba roba ba, domin gilashin ne ke tayar da daskarewar, roba za ta nuna miki ƙarya. Kuma ki hana dangi tsaga wurin da reza ko ɗaure ƙafar tamau. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, tsaga ƙofa ce aka ƙara buɗewa.

Yadda za ki karanta shi kuwa, ki daina haddar hoto. Kowane gilashi ki zana shi da hannunki, ko zanen ya yi muni, da fensir ja da shuɗi. Launukan ba ado ba ne: himatoksilin yana kama cibiyar ƙwayar halitta ya ba ta shuɗi zuwa shunayya, iyosin yana kama tsoka da sauran nama ya ba su ruwan hoda. In kika ga dogayen cibiyoyi sun jeru suna zagaye rami, tsoka ce, kuma duk inda tsoka take akwai matsi. Kusa da kowane zane ki rubuta amsar tambaya ɗaya: in wannan shimfiɗar ta lalace, me zan gani a jikin mutum? Robar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, in ta tsufa ta sandare, lambar sama ta hau. Intima in ta ƙuje, jini ya dunƙule a wurin. Murfin jijiyar dawowa in ya saki, ƙafa ta kumbura jijiyoyi su yi ruɗu-ruɗu. Ki haɗa shi da fiziyoloji, darasin yadda jiki ke aiki, a mako guda, kada ki bari su zama littattafai biyu da ba sa gaisawa. Hotunan intanet suna taimakawa, kuma sun fi gilasanmu da suka koɗe kyau, amma ki riƙa leƙa madubin, domin a asibitin karkara wata rana ke ce za ki duba shafen jini da kanki.

In kin koma gida hutu, ki nemi izini a asibitin garinku, ki gaida babbar sista da ladabi, ki ce kin zo koyon riƙe hannu ne kawai. Kowane marar lafiya da ya yarda, ki ƙirga bugunsa minti guda cur, ki ji ko cikakke ne ko siriri kamar zare. Ki shafa daga gwiwa zuwa tafin ƙafa ki ji inda ɗumi ya ƙare. Ki danna farce daƙiƙa 5 ki saki, jan ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ki ja fatar idon ƙasa ki duba, tunda a baƙar fata can ne da tafin hannu fari ke nunawa. Ki tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Sai a ƙarshe ki kalli awo, ki yi rabawar nan. In kika samu wanda lissafinsa ya kai 1, kada ki tsaya rubutawa a littafinki, ki kira sista.